Kik ɗin da Baba Ya Ɗaura

Litinin, bayan la'asar

Yau aka ɗaura wa Gwaggo sabon kik, abin da ke tayar da inji in an murɗa makulli. Na ce sabo don baki ya saba, amma ɗan Beljiyam ne, wani ya gama more ƙuruciyarsa a can kafin ya iso shagon Kingsley. Gwaggo ita ce akori-kurata, tsohuwar Fijo, ta girmi aurena nesa ba kusa ba. Da ita nake ɗauko albasa daga Aliero da Sabiyal in kawo Jega, da ita muke ci a gidan nan.

Baba ne ya ɗaura da hannunsa. Mahaifin matata Mardiyya nake nufi, surukina. Tun kafin in san hanyar gidansu shi ke gyara motar nan, duk Jega an san ba mai sa mata sifana sai shi. Na so in jira Bala, wanda ya koyi aiki a hannunsa kuma shi ke riƙe da garejin yanzu, sai na tarar Bala ya tafi suna Sabiyal. Baba na zaune a gindin dogonyaro kan akwatinsa na kayan aiki. Da ya hango kik a hannuna sai ya miƙe ya karkaɗe riga, fuskarsa ta washe. Ni wane ne da zan ce masa zauna?

Aikin da a da yakan gama kafin shayi ya huce, yau ya ɗauke mu daga hantsi har aka kira la'asar. Ya nemi sifana sha uku, muka duba ƙarƙashin mota, muka zazzage akwati, ashe tana hannunsa na hagu. Ya yi dariya, ni ma na taya shi.

Ta tashi. Da nauyi, kamar mai tashi daga zazzaɓi, amma ta tashi. Baba ya bugi boneti ya ce, "Ka jiya? Kai da turi har abada." Na durƙusa na yi godiya na taho.

Talata, da safe

Na murɗa makulli, ta ce ƙas. Na sake, ƙas. Fitila na kamawa, oda na ƙara, kik ne kawai ya ce bai san zancen ba.

Mutanen masallacinmu ne suka tura ni bayan asuba. Jibrilla mai shayi na turawa yana cewa, "Yo Faruku, ba jiya kac ce muna mun huta ba?" Na ce sabon abu ne, sai ya saba da gida.

Kafin in fita na ce wa Mardiyya zan biya gareji in gaya wa Bala. Tana tankaɗe, ta ajiye rariyar ta dube ni.

"Kak ka yi, Baban Bushira. Don Allah kak ka yi."

Na san dalili, amma ta faɗa duk da haka. Tun abin da ya faru bara, yayanta Munir da ke aiki Birnin Kebbi ya yanke magana: kuskure ɗaya ya sake fitowa daga hannun Baba, zai zo ya ɗauke akwatin nan ya kulle a ɗaki, Baba ya zauna gida. Ya kuma sa Bala ya riƙa gaya masa komai.

"In anka zamnar da Baba gida," in ji ta, "wallahi ba shi kai damana. Garejin ga shi ka tashe shi da sahe."

Na ce to. Ai ban ce aikin Baba ne ba. Wataƙila batir ne.

Laraba, hantsi, Aliero

Ba batir ba ne. Na aro na maƙwabcina, mai rai sosai, na ɗaura, ƙas ɗin nan dai. Na mayar masa da kayansa da godiya.

Ina zaune a mota ana lodi, injin na aiki, don ba na iya kashewa. Mai na ƙonewa a banza ina kallo. 'Yan dako sun ce hayaƙin Gwaggo ya fi albasar sa su hawaye. Alhaji Abdussalam, mai kayan, ya leƙo ta taga ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, injin nake so ya ɗumama. A wannan zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa.

Littafin nan na Bushira ne, ta cika rabi da lissafi ta bari. Mai jiran lodi da mai jiran turi ba abin da suka fi shi kamar lokaci.

Alhamis, da safe

Turi.

Asabar, bayan azahar

Na je wurin Kingsley da niyyar rigima, na dawo da kunya. Na ce kik ɗinsa matacce ne. Ya ajiye abincin da yake ci ya ce, "Malam Faruk, ka ji tsoron Allah. Ba gabanka na sa shi a batir ba? Bai yi tsalle ba?" Gaskiyarsa. A gabana ya gwada ranar da na saya, abin ya zabura kamar an taka wutsiyar kyanwa.

Ya ce in kwance in kawo, in ya mutu zai canja mini ba musu. To wa zai kwance? In na kai wa wani bakanike a Jega ya kwance abin da Baba ya ɗaura, kafin in dawo gida labari ya riga ni. Ni kuma kwanciya ƙarƙashin mota ba sana'ata ba ce, tuƙi na iya. Kuma ko na iya, in sa hannu in warware ɗaurin surukina? Jikina ba ya ba ni.

Kingsley ya ce, "Wa ya ɗaura maka?" Na ce rana ta yi, zan tafi. Ya dube ni, ya dubi abincinsa, bai sake tambaya ba. Shi da maƙwabcinsa mai taya suka tura ni.

Lahadi, bayan magariba

Mun je gaida Baba, ni da Mardiyya. A ƙafa muka je.

Tun a hanya na shirya maganata. Zan ce, Baba, motar nan tana ɗan nauyin tashi, ko ka sake duba ta. Na maimaita a raina har ƙofar gida. Da na cire takalmi na durƙusa nesa da tabarmarsa, sai maganar ta gudu. Shekarun nan duka ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, yau zan buɗe baki in ce aikinka bai yi ba?

Shi ya tambaya da kansa. "Ina Gwaggo?"

"Lahiya lau, Baba."

"Madalla. Motag ga in ka riƙe ta da kyau, ita ka biso ka." Ya yi dariya, ya ba mu labarin yadda ya taɓa sauke injin tirela a bakin gada da kwangiri da igiya, shi da mutum biyu. Ya faɗi sunayensu, ya faɗi launin motar, har abin da direban ya saya musu suka ci. Bai manta komai ba. Na ji daɗi ƙwarai, na ce a raina mu ne dai muke tsorata kanmu.

Da za mu tafi ya kira Mardiyya ta kawo masa buta. Ba da sunanta ya kira ta ba. Ta amsa, ta kawo. Mai wannan sunan, mahaifiyarta, mun kai ta makwancinta tun Bushira na goye.

Muka tako zuwa gida.

Talata, bayan la'asar, Aliero

Na kai ta wurin wani rewaya a nan, mai gyaran wayoyin mota, don Aliero ba Jega ba ce. Ashe direbobin Jega biyu na zaune a bencinsa.

Ya kankare kan batir har ya yi ƙyalli. Ya buɗe wurin makulli ya ce ya cinye, ya canja. Ƙas. Ya ja wata waya ya sa mini maɓalli a gefen sitiyari, wai in danna kai tsaye. Ƙas. Sai ya jawo kwali zai shimfiɗa ya shiga ƙasa. Na ga direbobin nan sun miƙo wuya. Na ce a'a, ƙasa ba matsala, an gama da can, sama zai duba.

Ya ce, "Malam, likita kaz zo gani, ko kai al likitan?" Na ce ya bar ƙasa dai. Ya ɗaga kafaɗa ya naɗe kwalinsa.

Abin haushi, da muka gaji muka bar ta ta huce, na danna maɓallin sai ta ja, gur, gur, kamar ana jan buhu a ƙasa, ta tashi. Rewaya ya ce ka gani. Na biya shi na taho ina murna. Amma na ji wani ƙauri a cikin mota, kamar roba a wuta. Na ce hancina ne.

Laraba, da safe

Ƙas. Yanzu ina da makulli sabo da maɓalli sabo, ga mutanen masallaci tsofaffi.

Alhamis, bayan azahar

Liman da kansa ya sa hannu yau. Bayan ta tashi ya zo taga yana haki ya ce, "Faruku, ba ƙin taimako muka yi ba, amma dattawan ga bayansu ya hwara magana." Kunya ta kama ni har wuya. Daga gobe zan riƙa kwana da ita a kan gangaren bayan makarantar firamare, in tako da ƙafa da safe.

Totur ya yi tauri. Sai na danna da ƙarfi, in na ɗaga ƙafa kuma ba ya saurin dawowa. Ban san me ya haɗa kik da totur ba. Na gaji da sanin abubuwa.

Asabar, bayan magariba

Ranar yau ba na son in tuna ta, amma in ban rubuta ba, za ta kwana a ƙirjina.

Na yi lodi a Sabiyal, albasar Alhaji Abdussalam da aka fitar daga rudu, wurin ajiyarta, cike har sama. Tsakanin Aliero da Jega wasu shanu suka tsallaka, na taka burki, ta mutu. Ba gangare, ba kowa sai makiyayin, shi kuma ya ɗaga mini sanda ya wuce. Na danna maɓalli na riƙe. Ta ce gur, na ƙi saki, na ce yau ko ni ko ke. Sai hayaƙi ta ƙarƙashin boneti. Na buɗe, wayar totur ce ta yi ja, robarta na ɗiga. Ina kallo ta tsinke.

Rana ta tsaya a kaina, ta tsaya a kan albasar mutane. Albasa ba ta son haka, tun ana kallonta take fara gumi. Motoci na wucewa, wasu na yi mini oda, duk sun san ni. Can wata bas ta tsaya, fasinjoji suka sauko suka tura, Allah ya saka musu. Na ɗaura igiyar buhu a kafireta na zaro ta taga, ina ja da hannu ɗaya ina tuƙi da ɗaya. Haka na shigo Jega, ta tsakiyar tasha, kowa na gani.

Alhaji bai yi faɗa ba. Da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya sa hannu cikin buhun sama, ya shinshina, ya ce, "Faruku, ka huta kwana biyu har ka gyara. Lodin Litinin na ba wani."

Igiyar ta yanka mini tafin hannu. Mardiyya ta shafa mini man kaɗanya.

Lahadi, hantsi

Na sa sabuwar wayar totur da kaina. Wannan dai na iya.

Bala ya same ni a teburin Jibrilla. Ya zauna kusa da ni ya yi ƙasa da murya. "Ka kawo ta in duba. Ko bayan an tashi aiki." Na ce ba komai, batir ne ke wasa. Ya ce, "Faruku, ni ma ubana ne." Na ce na sani. Ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya tashi.

Wataƙila da gaske yake. Amma wayar Yaya Munir na aljihunsa, kuma bara shi aka tambaya, shi ya faɗa. Ban ce ya yi ƙarya ba. Tayar da Baba ya ɗaura wa wata bas ta fita, kowa ya ga inda ta tsaya, yaran da ke cikin bas ɗin Allah ne kawai ya tsare. Ba zan sake rubuta wannan ba.

Da ya tafi, wani kamasho a ƙarshen benci ya ce, ba da ni yake ba wai, "Tun da Kalilu yat taɓa motag ga ba ta koma tashi da kanta ba." Baba yake nufi. Jibrilla ya ce masa ya sha shayinsa. Ashe abin da nake ɓoyewa a cikin riga, gari duka na tura shi kowace safiya.

Litinin, bayan azahar

Ba lodi. Na wanke Gwaggo don in sami abin yi.

Talata, bayan magariba

Yaya Munir ya kira Mardiyya. Ina jin muryarsa daga inda nake zaune. Labari ya kai Birnin Kebbi. Ya ce ranar Asabar yana tafe, zai zo gareji ya ga motar da idonsa.

Da ta ajiye waya ta juyo kaina. Wai me ya sa na bi ta tasha da igiya a hannu. Na ce ta ina zan bi, ta sama? Na ce mako biyu ina ƙona mai, ina karya bayan dattawa, na rasa lodi, duk don wa? Ta ce ai ba ta roƙe ni in auri 'yar bakanike ba. Maganar ba ta da kai, ita ma ta sani. Bushira ta ɗauki kwanonta ta koma ɗaki.

Daga baya ta ce, "Jiya ya tahi masallaci, ya kasa gane hanyag gida. Mai kanti yar rako shi." Ta ce kar in gaya wa kowa. Wa zan gaya wa? Ni da nake magana da littafin lissafi.

Ina son tsohon nan. Lokacin da na zo neman aure ba ni da komai sai lasin, danginsa suka ce direban haya ne, shi ya ce ya ga yadda nake sauraron inji, ya ba ni. Amma na gaji. Wallahi na gaji.

Alhamis, bayan la'asar, Maiyama

Na kawo wa wani gero Maiyama, na ce bari in gwada nan, ko banza ta fi Aliero nisa da gida. Aka nuna mini Abel, rewaya ne, mutumin wajen Zuru, ya daɗe a garin. Mutum mai sanyin magana. Na zayyana masa komai, batir, makulli, maɓalli. Da na zo kan wayar totur da ta narke sai ya ɗaga hannu.

"Ta yi zafi lokacin da kake kunnawa?"

Na ce har ta yi ja.

Ya durƙusa zai shiga ƙasa. Na buɗe baki in ce ƙasa ba matsala. Ban san me ya hana ni ba, ina jin ƙarfin faɗar ne ya ƙare. Ya shiga, ko zama ban gyara ba ya kira ni. Na kwanta a gefensa, karo na farko da na ga cikin Gwaggo ta ƙasa tun da aka yi aikin.

Wata waya ce mai kauri, saƙaƙƙiya kamar kitso. At suke ce mata. Kai ɗaya na ɗaure a jikin mota, ɗayan kuma, wanda ya kamata ya shiga ƙarƙashin notin kik ya kama inji, an tura shi bayan wani ƙarfe an bar shi yana lilo. Abel ya ce wuta in ta shiga kik dole ta sami hanyar komawa batir, wannan ce hanyarta. Da ta rasa, sai ta bi duk abin da ta samu, ta bi wayar totur.

"Kik ɗinka lafiya lau. Wanda ya ɗaura ya cire wannan don ya sami wuri, ya manta bai mayar ba. Ka yi sa'a motar ba ta kama wuta ba." Ya miƙa hannu waje yana laluben sifana. "Yanzu za ka tafi da makulli."

Na riƙe hannunsa. Na ce ya bari.

Ya juyo ya dube ni, mu biyu kwance cikin ƙasa da baƙin mai. Ina tunani ne. In Abel ya ɗaure, gobe Gwaggo ta tashi, to sai me? Jega duka ta san na je Maiyama. Za a ce Kalilu ya ɓata, wani ya gyara, ranar Asabar akwati ya tafi. Amma in Baba ne ya gano da kansa, a gaban mutane, a gaban Yaya Munir, ya ɗaure ta tashi, wa zai ce hannunsa ya mutu? Mantuwa ce, kowa na yi. Wanda ya manta ya tuna ai bai ƙare ba.

Na gaya wa Abel kaɗan daga ciki. Ya ce shi ma yana da tsoho a gida. Ya zaro wayar daga bayan ƙarfen ya bar ta tana reto a fili, inda ko makaho ya shafa zai ji. Ya ce kar in sake danna maɓallin nan ko sau ɗaya. Ya ƙi karɓar komai. Shi ya tura ni, shi da wani mai faci.

Juma'a, bayan masallaci

Na gaya wa Mardiyya dabarar. Ta yi murmushi, na farko cikin kwanakin nan, ta ce Allah ya sa.

Ni kuwa a sahu ina ta tunanin abin da bai kamata ba. Yau waya ce, motata ce, hannuna ne ya yanke. Gobe in burkin wani ne fa? Na kori tunanin, ya dawo. Bala na nan, Bala zai riƙa dubawa. Ranar ma don ya tafi suna ne.

In gobe ta yi kyau zan yi sadaka.

Asabar, bayan la'asar

Na gangaro da ita da hantsi na tsaya daidai gindin dogonyaro na kashe. Gareji cike. Yaya Munir ya riga ni zuwa, yana tsaye cikin farar shadda nesa da mai. Bala na gefe. Har kamashon nan na teburin shayi ya sami abin da ya kawo shi.

Na durƙusa na gaida Baba. Yau bakina ya buɗe, don na san amsar. Na ce, "Baba, Gwaggo ce ba ta tashi. In na murɗa sai ta ce ƙas."

"Hitila na kamawa?"

"Tana kamawa."

"Murɗa in ji."

Na murɗa. Ƙas. Ya karkata kai, idonsa a rufe, kamar yadda na san shi tun ina saurayi. Na ce jiya ma har wayar totur ta ƙone. Ya buɗe ido.

"At ta," in ji shi. "Bala, kwali."

Bai ko duba sama ba. Ya kwanta ya shige, ya miƙo hannu ya ce sha uku, Bala ya sa masa a tafi. Muna jin ƙarar sifana, tsaf tsaf, ba lalube. Kafin Yaya Munir ya gama amsa gaisuwar wani, Baba ya ce daga ƙasa, "Buga!"

Bugu ɗaya. Ta tashi da wata irin murya da na manta tana da ita. Gareji ya ɗauki sowa, wani ya ce Kalilu ikon Allah, kamasho har da tafi. Na dubi Yaya Munir, na ga kafaɗunsa sun sauka, yana murmushi yana girgiza kai. Na ce alhamdu lillahi, mun tsira.

Baba ya fito, Bala ya kama shi ya miƙe. Yana goge hannu da tsumma, amma ba ya dariya. Ransa a ɓace yake. Ya dube ni.

"Kai, wa yaɗ ɗaura maka kik ɗin ga?"

Na ɗauka wasa ne, na fara murmushi. Sai na ga idonsa. Da gaske yake tambaya.

Injin kaɗai ke magana.

"Tambaya nika yi. Wane sakarai na yab bar at tana lilo? Ka san motag ga ta kusa cin wuta da kai ciki? Da ɗiyata ciki?" Ya juya ga mutane yana nuna motar da sifana. "Wanga ba mantuwa ta ba. Mai yin wanga ya gama. Yau waya ta, gobe taya ta, jibi ya kashe mutane."

Bala ya juya baya ya kama boneti da hannu biyu.

"In shina da 'ya'ya," in ji Baba, "a gaya musu su amshe sifana ga hannunai tun bai ɗauki rai ba. Kunya ba ta kai rai ba. Kai kuma kak ka koma kai mishi mota. Ka jiya?"

Na ce, "Na jiya, Baba."

Ya koma ya zauna kan akwatinsa, ya ce a kawo masa ruwa. Yaya Munir bai dube ni ba, ban dube shi ba. Mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki.

Mardiyya na bakin ƙofa da na dawo. Ta ji ƙarar motar tun daga kwana, ta ga na kashe a ƙofar gida ba a gangare ba, ta fara dariya tana tafa hannu. Na zauna a mota na kasa fitowa.

Lahadi, da safe

Yaya Munir ya aiko tun da sassafe. Akwatin ya fi ƙarfin but ɗin motarsa, ko zan taimaka.

Ni da Bala muka ɗora shi a bayan Gwaggo. Na murɗa makulli, bugu ɗaya.